Gidan Abatuwa da Gidan Kwararafa

Da hantsi aka zo aka shafa wa gidan Inna jan fenti. Ni ban ga zuwansu ba, ina makaranta ina fama da 'yan ajina, sai ga wayar matar Yaya, wai in zo yanzu-yanzu, mutanen hukumar tsara gari sun zo sun tafi. Da na iso Kwararafa na tarar da alamar a jikin bango, dab da ƙofar zaure, ƙatuwa, irin wadda nake yi wa yaro a littafi in ya kawo mini amsar banza. Ba gidanmu kaɗai ba, duk layin da ya ba rafi baya an bi shi an shafa. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a waje, kowa na magana, ba mai sauraron wani. Inna kuwa tana tsakar gida da tire a cinya tana tsintar shinkafa.

Na ce, "Inna, kin ga abin da aka yi mana a bango?"

Ta ce, "Na gani. Mu ai muna da takarda."

Muna da takarda kam. Sai dai kafin in faɗi abin da takardar ta yi mana, dole in koma baya kaɗan.

Mu asalinmu ba 'yan Kwararafa ba ne. A Abatuwa aka haife mu, ni da Yaya, mu biyu ke nan wurin Inna. Kakanmu ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, Baba kuma ya tashi ya kama fawa. Da wuƙarsa ya gina gidanmu na Abatuwa, ɗaki bayan ɗaki, in ya samu ya ɗora bulo, in bai samu ba a jira. Akwai rijiya a tsakar gidan da ba ta ƙafewa ko rani ya yi tsanani, da bishiyar fiya da Inna ta dasa shekarar da ta yaye ni.

Akwai kuma wani Ibo mai sayar da katako, gidansa na Kwararafa. Kowa Oga yake ce masa, har Baba. Matarsa wurin Baba take sayen nama, shi kuma wurinsa Baba ya sayi katakon rufin gidanmu. Kada in yi ƙarya in ce aminai ne. Ciniki ne tsakaninsu da gaisuwa da tsokana. Baba ya ce masa katakonsa gara ta riga ta ɗanɗana tun a shago, shi kuma ya ce wa Baba sikelinsa ɗingishi yake yi, su yi dariya kowa ya kama gabansa.

Sai gari ya rikice. Ba zan tsaya kan wannan ba, duk ɗan Jos ya san abin da idonsa ya gani, ba ya bukatar a tuna masa. Abin da ya biyo baya shi ne unguwanni suka ware, kowa ya fara lissafin su wa ke kwana kusa da shi. A nan mutane suka ɓullo da musayar gida. Musulmin da ya tsinci kansa a tsakiyar Kirista sai ya nemi Kiristan da ya tsinci kansa a tsakiyar Musulmi, a duba ɗakuna, a duba rufi, in an daidaita kowa ya kwashi kayansa ya koma gidan ɗan'uwansa. Ba saye, ba sayarwa. Haka Baba da Oga suka yi.

Ina budurwa lokacin, ni na kai ruwa zauren mai unguwa, don haka a idona aka yi. Ga liman, ga wani dattijo daga cocin su Oga. Baba ya ajiye makullansa a kan tabarma, Oga ya ajiye nasa. Sannan kowa ya ciro takardar gidansa a cikin leda, Baba ya miƙa tasa, Oga ya miƙo tasa, suka yi musabaha. Liman ya yi addu'a, dattijon ya yi tasa, aka raba goro. Na tuna wani daga gefe ya ce ko za a je ofis a sanar. Baba ya waiwaya ya ce, "A sanar da wa? Ga takardarsa a hannuna, ga tawa a hannunsa. Saura me?" Kowa ya ce gaskiya ne. A ganinsu takardar gida kamar makulli ce, wanda ya riƙe shi ne mai ɗaki. Kuma a kwanakin nan wa ke da zuciyar ratsa gari don neman wani ofis?

Gidan Kwararafa bai kai namu ba, wannan ko Oga bai musa ba. Babu rijiya, sai mu sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Bayansa rafi ne, da rani ya yi wari, da damina bangon ɗakin baya ya riƙa zufa. Inna ba ta taɓa cewa tana son gidan ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta so ba. Ta sa Baba ya ɗaga katanga, ya mayar da ɗan shagon gaba zaure, ta jera kwanukanta, ta zauna. A gidan aka ɗaura mini aure, a nan Yaya ya kawo matarsa suka hayayyafa. A ɗakin tsakiya aka yi wa Baba wanka, ta zauren nan aka fita da shi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: hukuma ba don mugunta ta zo da fentinta ba. Daminar da ta gabata ruwa ya yi ɓarna. A gidanmu ya shigo har gwiwa, muka yini muna kwasa da bokiti. Can ƙasa da mu katangu suka zube, aka rasa rayuka. Mutane sun matse rafin da gini da shara har ya rasa hanya, ya biyo ta ɗakunan mutane. Shi ne aka ce duk gidan da ke bakin ruwa sai ya tashi. Mai takarda za a ba shi fili a wani wuri, marar takarda kuwa sai dai ya yi haƙuri. Na yarda rafi yana bukatar hanya. Abin da ban yarda da shi ba har yau shi ne a ce tsohuwa ta wayi gari ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta.

Inna ta buɗe kwallarta ta ƙarƙashin gado, ta ciro ledar nan kamar yadda Baba ya ba ta. Muka tafi ofis mu uku, ni da ita da Yaya. Jami'in da muka samu dattijo ne mai sanyin murya, ya ba Inna kujera, ya gaishe ta da kyau. Wallahi da ya yi mana tsawa da ya fi mini sauƙi, da na san da wanda zan yi. Ya buɗe takardar ya duba, ya ɗago kai.

Ya ce, "Hajiya, wannan sunan maigidanki ne?"

Ta ce, "A'a, sunan Oga ne. Musaya muka yi, tamu tana wurinsa."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ba mu ne na farko ba, irinmu suna ta zuwa. Ya ce a doka ƙasa tana hannun gwamnati ne, mutum izinin zama aka ba shi, in kuma zai miƙa wa wani sai da sanin hukuma da yardarta. Mu ba mu zo ba. Saboda haka a wurinsu gidan Kwararafa na mai wannan sunan ne, filin ma shi za a ba.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Ikon Allah! Shekara da shekaru muna cikin gidan nan, masu duba tsafta sun san ƙofarmu, masu haraji sun san ƙofarmu, masu neman ƙuri'a har tsakar gida suke shigowa su durƙusa wa tsohuwar nan. Sai yau da za a ba da fili ne ba ku san mu ba?"

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba ni na yi dokar ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa ku sani, gidan Abatuwa har gobe sunan marigayi yake ɗauke da shi. Wato naku ne, ku magada."

Na ga Yaya ya gyara zama.

Ko mayafi Inna ba ta cire ba da muka koma gida Yaya ya fara. Yaya direba ne, motar ma ba tasa ba ce, ga yara reras. Ya ce, "Inna, ba sata za mu yi ba, doka ce ta ce namu ne. Oga ya karɓi filinsa, mu mu karɓi gidanmu. Ba sai mun zauna a can ba, mu sayar mu sayi wani nan kusa. Shi ya yi gini a bakin rafi, ba mu ba. Don me za mu ɗauki asarar da ba mu muka jawo ba?"

Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Har yau in wani ya ce Yaya mugu ne sai mun yi da shi. Mutum ne da ya kalli 'ya'yansa ya kalli jan fenti.

Inna ta ce, "Ranar da ubanku ya ba mutumin nan hannu, kana ina?"

Ya ce, "Ina wurin."

Ta ce, "To, da a ce gidan Abatuwa aka shafa wa fenti, Oga ya zo yau ya ce mu tattara ya dawo gidansa, me za ka ce masa?"

Yaya ya ce, "Haba Inna! Yarana a titi za su kwana ke nan?"

Ta ce, "In Allah ya so ba za su kwana a titi ba. Amma ba za su ci daga gidan da ubanka ya bayar ba. Ina raye dai, a'a."

Ya tashi ya fita, ya buga ƙyauren zaure har ƙasa ta zubo daga bango. Inna ta dube ni ta ce gobe in na tashi daga makaranta in zo in kai ta Abatuwa.

Tun ranar da muka kwashe kaya ba ta sake taka unguwar ba. Washegari muka shiga keke, muka sauka a bakin layin. An canza ƙofar gidan zuwa ta ƙarfe, amma bishiyar fiya ta yi girma har ta leƙo titi. Inna ta tsaya a bakin ƙofar da ta yi shekaru tana sharewa, ta yi sallama, ta jira a ba ta izini. Ni a nan ne idona ya cika, na kau da kai don kada ta gani.

Madam, matar Oga, ita ta buɗe. Da ta ga ko su wane ne sai ta dafe ƙirji. Oga yana zaune ƙarƙashin bishiya, ya tsufa, kai ya yi fari fat, ga sanda a gefe. Ashe labari ya riga mu. Ɗansa ya bincika ya gaya masa abin da aka gaya mana, cewa gidan da yake ciki ba nasa ba ne a doka, ranar da muka ga dama za mu iya tashinsa. Ya miƙe da ƙyar. Hausarsa tana nan yadda na san ta, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Ya ce, "Hajiya, ka zo karɓan gida?"

Inna ta ce, "Na zo gaishe ka ne, Oga. Sannan ka nemo ledarka mu je ofis. Abin da kai da marigayi Malam kuka fara ba ku ƙarasa ba, mu ƙarasa shi."

Ya koma ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu. Madam ta shiga ta fito da kujeru, da lemo, da biskit, ta rasa ma me za ta kawo. Inna ta ce ita ruwan rijiya kawai take so. Aka ɗebo mata a kofi, ta shanye, ta ce har yanzu da daɗinsa. Da za mu tafi Oga ya ce akwai ɗakuna a baya babu kowa, ta dawo ta zauna har ƙarshen ranta. Inna ta yi dariya ta ce, "Oga ke nan. Da zan iya zama a nan, ai da ban tashi ba tun farko." Shi ma ya san gaskiya ta faɗa, bai sake tayar da maganar ba.

Abin da Baba ya ce saura me, shi ya ci mana watanni. Yau a ce a kawo hoto, gobe a ce a kawo shaidar rasuwa, jibi a ce mai sa hannu ya tafi taro. Tsofaffi biyu, ɗaya da sanda ɗaya da ciwon gwiwa, suna hawa bene suna sauka, ni ina biye da su da ledoji. Na yi faɗa da masinja, na yi faɗa da mai gadi, har Inna ta ce in ban iya bakina ba in daina rako ta. Abin da ake so shi ne gidan Abatuwa ya koma sunan Oga, na Kwararafa ya koma sunan Inna, don filin ya zama nata. Kuma sai duk magada sun sa hannu, har da Yaya.

Ranar ƙarshe mun zauna muna jira, na riga na cire rai da zuwansa, sai ga shi ya shigo da makullin mota a hannu. Bai gaida kowa ba. Ya karɓi biro ya sa hannu kamar zai yaga takardar, ya juya ya fita. Na sa nawa. Da aka zo kan Inna, jami'in nan mai sanyin murya ya riƙe tawadar bai miƙa ba.

Ya ce, "Hajiya, wajibi ne in tambaye ki. Kin gane cewa in kika dangwala, kin bayar da gida tsayayye, kin karɓi wanda za a rushe?"

Ta ce, "Ɗana, na bayar da shi tun mijina yana da rai. Ku ne dai yau kuka ji." Ta miƙa babban yatsa.

Takarda mai sunan Inna ta fito. Na karanta mata sunan, ta sa na maimaita, ta ninke ta sa a kwalla. Ba a jima ba aka aiko cewa katafila na tafe.

Ranar, tun da sassafe sai ga Oga a cikin a-kori-kura da ma'aikata daga shagonsa. Mutumin da rabonsa da Kwararafa tun ranar musaya. Ya ce shi ya buga rufin nan, shi ya san inda kowace ƙusa take, ba zai bari katafila ta tattake shi ba. Ya tsaya da sandarsa yana ba da umarni, aka sauke kwano, aka cire ƙyamare da tagogi, aka jera katako a mota. Ya ɗauki guda ya ƙwanƙwasa ya nuna wa Inna. Ya ce, "Hajiya, ka gani? Malam ya ce gara ya ci katakona. Ina gara?" Inna ta ce, "Sai ka je ka gaya masa da kanka." Suka yi dariya su biyu, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Da rana ta ɗaga ma'aikatan hukuma suka iso layinmu, suna bi gida-gida. Wani saurayi da hular kwano ya tsaya a ƙofarmu ya ɗaga murya.

Ya ce, "Ina mai gidan nan?"

Oga ya motsa kamar zai amsa, sai ya tsaya, ya dubi Inna. Ta gyara mayafi ta matsa gaba.

Ta ce, "Ga ni."

Duk zamanta a gidan nan, ranar ce ta farko da hukuma ta kira ta mai gida. Saurayin ya ce Hajiya ta ɗan ja baya, kada ƙura ta same ta. Ta zauren aka fara.

Filin da aka ba ta yana can bayan Naraguta, kusa da wani tsohon kududdufin kuza. Duwatsu sun fi ƙasa yawa, hanya kuwa sai da rani. Mun zuba harsashi, katako da ƙyamaren Oga suna wurin wani manomi ya rufa mana da tamfol. Yaya ya kama haya, yana zuwa ranar Juma'a ya gaida Inna, gaisuwar ba ta da tsawo amma yana zuwa. Inna tana gidana, a ɗakin yarana. Matar da ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba, yanzu sai ta ji tashin mashin ɗinsa kafin ta fito tsakar gida ta sha hantsi. Mijina ba shi da matsala, ya yi rantsuwa har ya gaji cewa gidanta ne. Ta ce ta gode, ta ci gaba da jiran tashin mashin.

Wannan jiran shi ke cin raina. Rannan na dawo na tarar da ita a takure a ɗaki saboda yana gida bai fita ba, ga zafi, ga yara sun cika ta da surutu. Na kasa daurewa. Na ce, "Inna, kina da gida, da rijiyarki, da bishiyarki, doka ta ce naki ne, kika ɗauka kika bayar. Yanzu dubi inda kike zaune."

Ta dube ni ta ce, "Ni gida ɗaya gare ni, kuma a gabanki aka rushe shi."

Ta miƙo mini tiren shinkafa ta ce in ƙarasa mata tsintar, idonta ba ya ganin tsakuwa sosai yanzu.